Cutar da Ba a Kiran Sunanta a Gidan Su Ziyad

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya ba ni Ziyad kuma Ya karɓi abinSa. Sunana Balkisu, a unguwa ana ce mini Ummu Yasir. A Harra ta Gabas aka haife ni, nan Madina. Kakannina daga ƙasar Kano suka taso, suka yi aikin Hajji, suka zauna ba su koma ba. Hausata ta cikin gida ce, wadda muka koya a bakin tsofaffi, don haka in Larabci ya faɗo mini a tsakiyar magana a yi mini uzuri.

Ban daɗe da fita takaba ba. Matan da suka zo gaisuwa da yawa sun tambaye ni me ya samu mijina, in na ce ciwon hanta ne sai a yi shiru, a sauya zance. Ni kuwa ba na so a sauya zancen. Shi ya sa na zauna rubuta abin da na gani, ko wata za ta karanta ta tsira da nata mijin.

Ziyad mutumin Jordan ne, ƙasar da mu nan muke ce wa Urdun. Mahaifinsa malamin makaranta ne daga garin Irbid, ya zo aiki Madina da iyalinsa tun Ziyad yana ƙarami, suka kama hayar benen da ke saman namu. Tare suka tashi da yayana Usman. A gidanmu ya koyi cin tuwo da miyar kuka, ya koyi Hausa, irin wadda in ya yi sai tsofaffinmu su yi ta dariya suna cewa ya sake. Da mahaifinsa ya ajiye aiki suka koma Irbid duka, shi kaɗai ya tsaya, ya nemi aurena. A lokacin ba a fara tilasta gwajin jini kafin ɗaurin aure ba. Allah Ya ba mu yara biyu, Yasir da ke jami'a yanzu, da ƙanwarsa Lubna.

Aikinsa gyaran na'urorin sanyaya ɗaki ne, a wani kamfani a garin Yanbu. Ranar Alhamis yake dawowa gida, ya koma in hutu ya ƙare.

Abin da na fara lura da shi gajiya ce. Mutumin da in ya dawo sai ya zagaye gidan yana neman abin gyara, ya koma yana shigowa ya kwanta da kayan aiki a jikinsa. Na ce masa lafiya? Ya ce zafin Yanbu ne. Sati na gaba na dafa masa maƙluba, shinkafar ƙasarsu da yake so, ya kai cokali biyu ya ture farantin. Sai ƙaiƙayi ya biyo baya, yana susar ƙafafunsa har jini. Fuskarsa tana ramewa, cikinsa kuma yana girma, har ya daina sa wando mai bel ya koma jallabiya. Yana wasa da abin, wai tumbin manya ya zo masa.

Ranar wata Juma'a muna cin abincin rana, hasken taga yana kan fuskarsa, Lubna ta ajiye cokali ta ce masa da Larabci, "Baba, idonka rawaya ne." Na duba. Farin idon nan ya koma kamar an diga masa ruwan kurkum.

Na ce gobe asibiti. Ya ce a'a. Ban taɓa ganin Ziyad yana gardama a kan zuwa asibiti ba, shi da in ɗaya daga cikin yara ya yi tari sai ya ɗauki mukullin mota. Sai da na kira Yaya Usman ya zo ya tsaya a kansa, ya ce, "Tashi, ko in ɗauke ka kamar buhu."

Ƙaramin asibitin unguwa muka fara zuwa, na kuɗi. Likitan ya danna cikinsa, ya rubuta a ɗebi jini, da sakamakon ya fito bai yi mana dogon bayani ba, ya ce mu wuce babban asibiti. Can muka sha zama. Daga wannan taga zuwa waccan, a ce takardar ta'amin, wato inshorar aikinsa, ba ta cika ba, a koma a jira izini. Ziyad yana kan kujerar ƙarfe, kansa jingine da bango, ni ina bin layi da takardu. Da muka samu ganin likitan hanta, wani dattijo ɗan Sudan mai magana a hankali, ya daɗe yana duba hoton cikin kafin ya ɗago.

Ya ce, "Abu Yasir, kana ɗauke da ƙwayar cutar hanta, nau'in da ake kira hepatitis B. Hantarka ta ƙanƙance ta yi tauri. Mu muna ce wa wannan talayyuf. Kuma wannan ba aikin watanni ba ne, aikin shekaru ne masu yawa. Ba wanda ya taɓa gaya maka?"

Na jira Ziyad ya ce a'a. Bai ce ba. Ƙasa yake kallo.

A hanyar komawa ya ce Yaya Usman ya sauke mu wajen Dutsen Uhudu, yana so ya sha iska. Muka zauna a gefe, nesa da masu sayar da dabino da turare, motocin maziyarta suna ta sauke mutane. Nan ya gaya mini. Tun Lubna tana goye wani abokin aikinsa ya yi haɗari, suka je ba da jini. Bayan kwanaki aka kira shi a waya aka ce jininsa ba zai yi ba, yana da ƙwayar cuta, ya nemi likita. Iyakar abin da aka ce masa ke nan. Ya tambayi wani abokin aiki a fakaice, kamar zancen wani yake yi, shi kuwa ya ce ai wannan cutar masu bin mata ce, kuma in kamfani ya ji sai sallama, daga nan sai iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, ta tafi.

Ya ce da Hausa, "Balkisu, na rantse da Wanda ke da wannan dutse, ban taɓa sanin wata mace ba sai ke. Amma da na zo na gaya miki, da me zan kare kaina? Jikina ba ya ciwo. Sai na ce ƙila kuskure suka yi."

Na ce, "Shekara da shekaru kana kwana da ni, kana kallon 'ya'yanka, ka riƙe wannan a cikinka?"

Ya ce, "Kullum sai na ce gobe."

Ban zarge shi da mace ba, ko da minti ɗaya. Na san wanda na aura. Amma na yi fushin da ban taɓa yi da shi ba. Ga shi kuma zaune gabana ya rame, idanu rawaya, ba inda zan sauke fushin. Na tashi na sayo masa ruwa, na dawo muka zauna har aka kira la'asar.

Likita ya ce a gwada kowa a gidan. Yaran nan Allah Ya kare su, allurar rigakafin da aka yi musu suna jarirai ta yi aikinta. Ni kuma aka ce jikina ya taɓa haɗuwa da cutar ya kore ta da kansa, ba na ɗauke da ita, ba zan ba kowa ba. Ya yi mini bayani dalla-dalla, har na sa ya maimaita: ba a ɗaukarta a kwanon abinci, ko kofi, ko gaisawa, ko tari. Ta jini take bi, da shimfiɗar aure, da haihuwa daga uwa zuwa jariri. Reza, burushin haƙori, abin yanke farce, kayan ƙaho da allura, waɗannan su ne ba a haɗawa. Aka ɗora Ziyad a kan ƙwaya ɗaya kullum, da maganin rage ruwan ciki, aka hana shi gishiri.

Na koma gida da wannan bayani, amma bayanin bai shiga kunnen kowa ba. Gwaggo Hanne, ƙanwar mahaifina, ita ce babbarmu tun rasuwar iyayenmu. Ta zo ta leƙa shi daga bakin ƙofa ta ce, "Shawara ce, 'yar nan. Ta yi masa yawa ne kawai. A ba shi rake, a hana shi mai. Akwai mai zuwa Umra daga Kano, zan sa a taho da saiwar rawaya." Kafin ta tafi ta ɗaure wa kofinsa jan zare don kada a haɗa da na yara. Na ce Gwaggo, likita ya ce ba ta nan take bi ba. Ta ce, "Likita ba zai yi miki jinyar yara ba in sun kamu." Wata maƙwabciya ta kawo lambar mai ƙaho. Wani abokin Yaya Usman ya ce nonon raƙumi ɗanye, daga bayan gari. Maƙwabtan da muke musayar kwano da su tun ina yarinya suka ci gaba da aiko abinci, Allah Ya saka musu, amma a roba ta yarwa, kuma in na aika musu nawa sai in ji an ce sun ƙoshi.

Ziyad yana gani. Sai ya daina fitowa falo.

Cikin wannan hali mahaifiyarsa ta iso daga Irbid. Ummu Ziyad ake ce mata, ni Amti nake kiranta yadda surukai suke yi a ƙasarsu. Tun mutuwar mijinta take zaune wurin Mahmud, ƙanen Ziyad. Ba mu taɓa faɗa da ita ba, amma na san tun farko ba ni ta so wa ɗanta ba. Ta shigo ta rungume shi tana kuka, sannan ta buɗe jakarta. Ganyaye ne ƙulli-ƙulli.

Ta ce wannan safar ne, abin da mu muke ce wa shawara, kuma ɓacin rai ke kawo shi, ko tsoro. Ta tambaye ni wa ya ɓata masa rai. Na faɗa mata sunan da likita ya faɗa. Ta ɗaga hannu ta ce, "Kada in ƙara jin wannan kalma, ya binti, 'yata. Mu gidanmu ba mu da irin wannan."

Washegari ina wanke-wanke, ita tana baranda tana waya da Mahmud, ta ɗauka ƙarar ruwa ta hana ni ji. Ta ce, "Cutar mutanen nan ce. Daga ƙasashensu suke zuwa da ita. Tun yana yaro nake hana shi cin abincinsu." Na kashe famfo. Ta yi shiru. Na sake kunnawa, na ci gaba da wanke kwanon da na riga na wanke. Ban gaya wa Ziyad ba. Amma da na ji daga baya cewa an gaya mata sakamakona, cewa jikina ya taɓa haɗuwa da cutar, na san abin da ta ƙulla a ranta: ni na ba shi.

Ta fara dafa masa wani ganye mai ɗaci da suke kira ja'ada, safe da yamma. Na ce a tambayi likita, ta ce kakarta da shi ta rayu har ta ga jikokin jikoki. Ziyad yana sha don kada ranta ya ɓaci. A satin nan idonsa ya ƙara rinewa.

Wata safiya na fita karɓo magani. Da na dawo, tun daga matakala na ji muryar Amti tana kiran sunansa. Na same shi zaune a bakin gado, hannu biyu a wuya, yana jan numfashi da ƙara kamar ana shaƙe shi, wani ruwa rawaya yana zuba daga hancinsa. A ƙasa ga wata 'yar kwalba. Ruwan wani ɗan itace ne mai kama da ƙaramar kokwamba, faggusul himar suke ce masa, ana diga shi a hanci wai ya zuƙo safar ɗin ya fito. Tana cewa, "Ga shi yana fita, ga rawayar tana fita," amma fuskarta ta nuna ta tsorata. Maƙogwaronsa ne ya kumbura. Yadda muka sauko da shi daga bene ni da wani maƙwabci, da yadda muka isa sashen gaggawa, har yau ba na iya tunawa daidai. Na dai tuna leɓɓansa sun sauya launi.

Allah Ya sa kwanansa bai ƙare ba a ranar. Aka yi masa allurai, kumburin ya sauka, aka kwantar da shi. Da likitanmu ya zo zagaye na ajiye masa kwalbar da ƙullin ganyen a kan tebur. Ya sansana ja'adar, ya ce wannan ganye ko mai lafiyayyar hanta yana iya yi wa illa, balle wanda tasa ta gaji. Ya ce kada a ƙara ba shi komai, ko daga Irbid ko daga Kano, sai an nuna masa. Bai ɗaga murya ba. Ya ja kujera ya zauna kusa da Amti.

Ya ce, "Hajiya, in tambaye ki. A danginku akwai wanda ya mutu da ciwon hanta?"

Ta ce, "Babu."

Ziyad daga kan gado, da muryar da ta dishe, ya ce wa mahaifiyarsa, "Yumma, Kawu Salim fa? Ba cikinsa ne ya kumbura ba?"

Ta ce, "Wannan sammu aka yi masa saboda gona."

"Da Inna Fatima, da ta yi ta aman jini?"

"Wannan gyambon ciki ne."

Likita ya ce, "Duka 'yan uwanki ne uwa ɗaya?" Ta ce e. Ya ce, "To ki ba ni izini a ɗebi jininki. Babba in ya kamu da cutar nan, yawanci jikinsa yana korar ta, kamar yadda na matar ɗanki ya yi. Wanda take zama a jikinsa ta ci hantarsa a ɓoye, galibi tun yana jariri ya same ta."

Ta miƙe tsaye. Ta ce ita ta haura saba'in ba ta taɓa kwana a asibiti ba sai haihuwa. Sannan ta dube ni, ta naɗe hannun rigarta ta ce, "A ɗiba. A ɗiba kowa ya gani."

Ranar da sakamakon ya fito ni na raka ta, don Yasir yana makaranta. Likita ya ce tana ɗauke da ita. Hantarta ba ta lalace sosai ba, haka Allah Yake yi, wani ta zauna masa lafiya har tsufa, wani ta cinye shi. Ya ce da alama ita ma wurin mahaifiyarta ta samo, kuma a zamanin da ta haifi 'ya'yanta ba a yi wa jarirai wannan rigakafi. Ya ce, "Ba laifinki ba ne, Hajiya. Ba ki sani ba."

 Muka fito. A tsakiyar barandar asibitin, mutane suna wucewa, sai ta zauna a ƙasa. Na tsuguna. Maganar barandar gida tana nan a raina, na ɗauka in wannan rana ta zo zan ji sanyi. Na ji, na ɗan lokaci kaɗan. Sai ta kama gefen abayata da hannu biyu ta ce, "Ni na ba shi. Da nonona na rene shi, ashe ni na ba shi." Daga nan ban ƙara jin komai ba sai tausayi. Na ɗaga ta, ba ta da nauyi ko kaɗan.

Ba mu gama da wannan ba aka sake ɗaukar hoton cikin Ziyad, aka ga ƙari a hantar. Aka tura mu Jidda a duba ko za a yi masa dashe. Yasir ya ce a yanki tasa, Yaya Usman ma ya ce a gwada shi. Muka yi ta zirga-zirga tsakanin Madina da Jidda, Ziyad kwance a kujerar baya da matashi a ƙarƙashin cikinsa. A lokacin kamfani ya sallame shi, ta'amin ya kai iyakarsa, na sayar da abin hannuna da na wuyana, dangi suka haɗa abin da suka iya. A ƙarshe likitocin can suka zaunar da mu suka ce ƙarin ya shiga babbar jijiyar hanta, dashe ba zai yi amfani ba. Ɗaya daga cikinsu ya ce da tun lokacin da aka fara gano cutar yake zuwa ana duba shi, ana ba shi magani in ya kama, da wataƙila ba mu zo nan ba. Ziyad ya gyaɗa kai kawai.

Da muka dawo ya ce a ba shi waya zai kira Irbid. Amti ta riƙe hannunsa. 'Yar Mahmud ta fari, Lina, ana shirin sa ranarta. Ta ce, "Ka bari a ɗaura tukuna. Ka san mutanenmu. In aka ji, wa zai ɗauki 'ya daga gidan nan? Wa zai sha gahawa a gidanmu? Sai a ce gidan masu cuta."

Ya ce, "Yumma, ni ma haka na ce. Na ce a bari tukuna. Dube ni."

Ya kira ƙanwarsa Rana da Mahmud a tare, ta bidiyo, don su ga fuskarsa. Ya faɗi sunan cutar, ya faɗi inda ta fito, ya ce su je a gwada su, su da 'ya'yansu. Rana ta yi ta kuka, kuma cikin satin ta je. Tana ɗauke da ita, yanzu haka likita yana bibiyarta, yaranta kuma lafiya. Mahmud kuwa ihu ya yi. Ya ce Ziyad yana so ya tona musu asiri yana kan hanyar kabari, ya ce shi lafiyarsa lau, yana ɗaga buhun siminti da hannu ɗaya, ya ce kada wanda ya kuskura ya kai wannan zance kunnen surukansa. Ya kashe wayar.

Watannin ƙarshe ba na son tuna su, amma zan faɗa don a san abin da cutar nan take yi. Cikinsa yana cika da ruwa har numfashi ya gagara, mu je a zuƙe, ya sake taruwa. Ƙafafu suka kumbura, hannaye suka zama kamar sanda. Wani lokaci hankalinsa ya juye, ya dube ni ya kira ni da sunan mahaifiyata, ya tambaya ko Usman ya dawo daga makaranta su je ƙwallo. Akwai wani magani mai zaƙi da ake ba shi don ya riƙa zagayawa, in ya sha hankalin ya dawo. Sau da yawa ba ya kaiwa banɗaki. Ni da Amti muke gyara shi, ni in ɗaga, ita ta goge. Ba mu taɓa zama mun yi maganar abin da ya wuce ba. Aiki ne ya haɗa mu, har ya zama in na miƙa hannu ta san abin da nake nema.

Wata rana tana shafa masa mai a ƙafa, ta sunkuyar da kai ta ce, "Ka yafe mini, ya ibni, ɗana." Hankalinsa yana nan a ranar. Ya ce, "Yumma, ke ma haka aka ba ki. Wa za ki ce ya yafe wa wa?"

Gwaggo Hanne ma ta sauko. Wata rana ta zo ta same shi yana ƙoƙarin shan kunu hannunsa yana rawa, ta karɓi kofin ta ba shi a baki, ta zauna har ya yi barci. Saiwar rawayar ta iso daga Kano, ita da kanta ta ce a ajiye, tunda likita ya hana.

Da hantsi ya cika, ranar wata Litinin, a asibiti, bayan ya yi aman jini. Kafin nan da kwana kaɗan ya riƙe yatsuna ya ce, "Kada ki ƙyale Mahmud. Zai zage ki, ki daure." Aka yi masa salla a Masallacin Annabi, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Mu mata ba ma shiga, daga waje muka tsaya ni da Amti har makarar ta ɓace mana cikin mutane. Mahmud ya zo, ya yi kuka kamar yaro, ya karɓi gaisuwa, yana gaya wa kowa ciwon ciki ne. Da zai koma ya tafi da mahaifiyarsa.

Ina godiya ga Allah, ina godiya ga likitan nan da bai taɓa gajiya da tambayoyina ba, da wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filifin da take gyara masa matashi kamar ubanta, da Yaya Usman da ya bar shagonsa ya zama direbanmu. Amma ina da ƙorafi, kuma ba zan haɗiye shi ba. Wanda ya kira mijina a waya ya jefa masa wannan labari ya ajiye, da ya zaunar da shi ya yi masa bayanin da aka yi mini, da ƙila Ziyad bai gudu ba. Wanda ya ce masa cutar masu bin mata ce, bai san ya rufe wa mutum baki na shekaru ba. Mu ma da muke ɗaure wa kofi zare, muna hana mara lafiya zama cikin mutane, muna koya wa na gaba ya ɓoye tasa.

Ku je a gwada ku, ko ba ku jin ciwon komai. Wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi. Mai ciki ta tabbata an duba ta, don a kare jaririn tun ranar haihuwa. Maza masu aski bayan Umra, ku ga an buɗe sabuwar reza a gabanku. In a danginku akwai waɗanda suka tafi da kumburin ciki, kada ku tsaya a kan sammu.

Batun Mahmud kuwa, na riƙe alƙawari. Duk Juma'a sai na kira shi. Da farko ba ya ɗauka. Daga baya ya ɗauka ya ce in fita harkar gidansu, ni ba jininsu ba ce. Na ce haka ne, amma 'ya'yana jininku ne, kuma sati mai zuwa zan sake kira. An yi bikin 'yarsa, na kira. Ya koma yana ɗauka ya tambayi yara, in na kawo zancen ya ce in Allah Ya so, ya ajiye.

Satin da ya wuce, da safe ina shanya, sai ga kiransa. Bai taɓa kirana da kansa ba. Na ji ƙarar motoci a bayansa.

Ya ce, "Ummu Yasir, ina ƙofar wurin gwajin. Tun ɗazu nake zaune a mota."

Na ce, "To shiga mana, Abu Lina."

 Ya ce, "Kwana biyun nan abinci ba ya mini daɗi. Ban gaya wa kowa ba." Sannan ya ce, "In suka ce irin na Ziyad ne fa?"

Na zauna a kan bokitin wanki. Na ce, "In suka ce haka, ka ji da wuri, kuma akwai magani. Shi bai samu wannan ba. Ba zan kashe wayar ba, ka sa ta a aljihu ka shiga da ni."

Na daɗe ina jin numfashinsa. Sannan na ji ya kashe injin, na ji an buɗe ƙofar mota, an rufe. Na ji takunsa a kan matakala, da muryar wata mace tana tambayar sunansa.

Sakamakon bai fito ba tukuna. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, ya roƙa wa Ziyad gafara.